Shekarar da Masai Ya Rufta

Na san abin da kuka ji a kaina, don ba a kunnenku kaɗai aka faɗa ba. An ce ni ce matar da ta kori surukinta daga inuwarsa, ta zauna a tsakiyar matan unguwa ta zubar masa da girma. Tsofaffin unguwarmu Madabo da yawa sun tafi da wannan magana a bakinsu, Allah Ya ji ƙansu, 'ya'yansu kuma suka ɗauka daga inda suka tsaya. Ban taɓa tsayawa na wanke kaina ba, saboda abin da zan faɗa ba irin maganar da uwa take yi a gaban 'ya'yanta ba ce. Yanzu kuwa na tsufa, kunyar da ta rage mini ba ta da yawa, kuma jikokina mata sun fara tafiya gidajen mazajensu. Saboda haka ku gyara zama, maganar fitsari zan yi. Wanda ya ji ƙyama ya ajiye takardar ya je ya sha ruwa, ko ba komai ya ƙaru.

An kai ni gidan kakanku a cikin shekarun nan na hamsin, Turawa ba su tafi ba tukuna. Babanku baduku ne, shi da wansa suna da rumfa a Kasuwar Kurmi, suna ɗinka jakunkuna da takalma. Ina son sa yana so na, wannan ba a kai ruwa rana ba. A gidan akwai Malam, wato kakanku, da Iya matarsa, sai wan babanku da matarsa Hansai, faccalata, wadda ta girme ni kaɗan kuma ta riƙe ni kamar ƙanwarta. In ka wuce zaure ka wuce shigifa, turakar Malam ce a hannun dama, da wata tsohuwar kurna a ƙofarta. Ɗakunanmu suna can ciki. Masai biyu ne a gidan. Namu na mata yana ƙarshen gida, haɗe da wurin wanka. Na Malam yana bayan turakarsa, ta wani siririn lungu ake shiga, kuma bakin lungun a gindin kurnar nan yake.

Ku 'yan yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon talabijin ba za ku gane irin kunyar da muka yi ba. Ba na faɗin sunan Malam, ba na faɗin sunan duk wanda ya ci sunansa. Ba na cin abinci inda zai hango ni, ba na giftawa ta gabansa. In na ji tarinsa yana tahowa, sai in durƙusa in juya fuskata ga bango har ya wuce. Gaisuwar safe ma daga nesa nake durƙusawa in motsa leɓe, Iya ce take ce masa amarya tana gaisuwa, shi kuma ya sa albarka. Har na fi shekara biyu a gidan nan Malam bai taɓa jin muryata ba. Kuma kada ku ɗauka dole aka yi mini. Ina alfahari da abin, don a gidanmu haka na ga uwata tana yi.

A daminar shekara ta biyu aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna ɗaki muka ji rugugi, da muka leƙa sai muka tarar masanmu ya rufta, ya ja katanga da wurin wanka duk sun bi shi cikin ramin. Allah Ya tsare ba kowa a ciki. A wannan daminar dai ciwon gwiwa ya kama Malam, ya kai ba ya iya takawa zuwa masallaci, zauren ma da ƙyar. Sai aka shimfiɗa masa buzunsa a gindin kurna, aka jera masa littattafansa. Nan yake salla, nan yake cin abinci, nan manyan ɗalibansa suke shigowa su ɗauki karatu. Daga an idar da asuba har bayan isha'i yana wurin. Masai ɗaya ya rage a gidan, kuma ba yadda za ka isa gare shi sai ka bi ta gaban Malam da buta a hannunka, kowa ya san inda za ka da abin da za ka yi.

To sai muka koma riƙewa. Kafin assalatu ni da Hansai mu yi sauri mu kewaya mu yi wanka, shi ke nan kuma sai Malam ya shiga ɗaki. Na daina shan koko da safe. Ruwa kuwa sai dai in jiƙa leɓe in kurkure baki in zubar, ga daka ga niƙa ga hayaƙin murhu. Hansai ta koya mini yadda ake zama a kan diddige in abin ya matsa, da yadda ake ɗaure zani tamau a ƙasan cibiya. Wata rana na gaza, na yi a wani tsohon kwano na tura ƙarƙashin gado. Iya ta shigo ta ji wari, ta ɗaga murya ta ce ɗakin da ake salla a ciki na mayar masai, ko a ƙauye ba a wannan ƙazanta. Na sha kuka ranar, ban kuma ba. Mazan kuwa ba su san ana yi ba, don tun safe suna kasuwa. In mun yi magana su ce a bari damina ta wuce, ƙasa ta yi taushi, ba mai haƙa rami yanzu.

Ita Iya tsohuwa ce, ba ta cikin kulle. In ta matsu sai ta yafa mayafi ta fita ta shiga gidan ƙanwarta da ke jikin namu. Da Malam ya tambaye ta yadda mata suke yi tunda masai ya rufta, sai ta ce masa an samu hanya ta gidan maƙwabta. Ba ƙarya ta yi ba, amma ita kaɗai ta samu hanyar. Hansai ta taɓa yin ƙarfin hali ta roƙe ta ko za a ce da Malam ya ɗan matsa zuwa wani gefen. Amsar da ta ba ta har yau tana kunnena.

"Mutumin da ƙafa ta hana masallaci, ta hana shi zaurensa, inuwar nan kaɗai ta rage masa, ita ce za ku ce ya tashi don ku yi fitsari? Mu da muka riga ku mun riƙe abin da ya fi wannan. Ku yi haƙuri, mace da haƙuri aka san ta."

Na daɗe ina jin haushin Iya a kan wannan magana. Sai da na tsufa na yi jinyar babanku na gane mijinta take karewa, ba ƙin mu take yi ba. Amma ganewar da na yi ba ta dawo mini da abin da na rasa ba.

A lokacin ina da ciki, na fari. Abin ya fara ne da launi. Fitsarina ya koma kamar jiƙon tsamiya, ga wari mai hawa kai. Daga nan sai zafi, in na tsuguna kamar an zuba barkono, in ciji gefen zani don kada a ji ni. Sai kuma ya zama kullum ji nake ina matse, in na samu na je ɗigo kaɗan ne zai fito, wani lokaci da ɗan jini. Na gaya wa Hansai, ta ce ita ma tana jin haka jefi-jefi. Magana ta fita wurin tsofaffi, kowa ta kawo tata. Iya ta ce na zubar da ruwan zafi da magariba ban yi bisimilla ba, na ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce in bincika babanku, irin wannan ciwo maza ne suke kwaso shi a waje, na kwana biyu ina kallon bawan Allah da mugun ido bai san laifinsa ba. Wata ta ce zafi ne, in sha kanwa. Wata kuma ta ce tunda fitsarin ne yake ciwo, in ƙara rage ruwa don ya ragu, wannan shawara ita na fi bi don ita ta fi dacewa da halin da nake ciki. Malam da kansa ya yi mini rubutu na sha, an ce masa amarya tana ciwon mara.

Sai zazzaɓi ya zo. Rawar sanyi ta kama ni da tsakar rana har haƙorana suna haɗuwa, bayana ta ƙasan haƙarƙari kamar ana dukansa da taɓarya, abin da na ci duk ya dawo. Ana cikin haka naƙuda ta taso, lokacinta bai yi ba ko kusa. Namiji ne. Na gan shi kafin su naɗe shi, yatsunsa duk sun fito, har da farce. Bai yi kuka ba. Ban taɓa ba ku labarinsa ba, amma kuna da wa, kuma babu shekarar da ba na tuna shi. Na yi baƙin ciki irin wanda ban san ana yi ba, har na ƙi magana da kowa.

Da zazzaɓin ya ƙi sauka, uwata ta zo ta tsaya kai da fata sai an kai ni asibitin cikin birni. A lokacin mutane tsoron asibiti suke yi, ana cewa wanda ya shiga da ƙafarsa a kan makara yake fitowa. A can na haɗu da wata nas, 'yar kudu ce, Hausarta a karye amma ba ta kewaye-kewaye. Ta ba ni kwalba ta ce in yi fitsari a ciki, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken taga, ta kai wa likita, ta dawo ta zauna a bakin gadona tana yi mini tambayoyin da ko uwata ba ta taɓa yi mini ba. Ta tambaye ni sau nawa nake zuwa a yini. Na ce da asuba, sai kuma bayan isha'i. Ta ɗauka ban fahimce ta ba, ta sake tambaya, na sake ba ta amsa. Sai ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni.

"Wa ya hana ki?"

"Ba wanda ya hana ni," na ce. "Kunya ce."

Sannan ta yi mini bayani da 'yar Hausarta. Ta ce fitsari dattin jiki ne, in ya daɗe a mara ƙwayoyin cuta suna samun wurin zama su hayayyafa, ruwan da mutum yake sha shi yake wanke su ya kore su waje. In aka ƙi shan ruwa aka kuma riƙe, sai cutar ta hau sama ta kama ƙoda, daga nan zazzaɓi da ciwon baya suke zuwa, kuma ga mai ciki wannan zazzaɓin yana iya taso da naƙuda. Na tambaye ta ko aljanu ne, ta ce ba ta gan su a kwalbar ba. Na tambaye ta ko mijina ne ya kwaso, ta ce wannan daban ne da wancan, irin nawa ko budurwa tana yi, ko tsohuwa. Ta ce lafiyayyen fitsari fari-fari ne, in na ga ya yi duhu to jikina ruwa yake roƙo. Ta ce in ina tsarki in fara daga gaba in yi baya, kada in jawo dattin baya zuwa gaba. Aka ba ni wasu fararen ƙwayoyi, ta ce in shanye su duka ko na ji sauƙi, kuma duk ranar da zafin ya dawo ina da ciki kada in tsaya jiƙe-jiƙe, in zo. Jikokina, wannan sashen naku ne. Na tambayi likitocin zamaninku, ban ji wanda ya rushe ko ɗaya daga cikin maganganun matar nan ba.

Na yi jinya a gidanmu na warke, na koma Madabo da rani. Na tarar an cike tsohon ramin da ƙasa, amma ba a haƙa sabo ba. Masu haƙa sun ce wurin ya lalace, sai an sake wani. Sake wuri kuwa sai da izinin maigida, wan babanku ne ya kamata ya nema, shi kuma duk lokacin da ya tashi sai Iya ta ce a bar Malam ya ji da ciwonsa. Haka aka yi ta turawa, wannan ya tura wa wancan, har na sake samun ciki.

Na yi niyyar bin maganar nas. Amma wanda ya sha ruwa dole ya fitar, ga Malam a bakin lungu. Wata rana na cika buta na taho da niyyar wucewa ko me za a ce. Na zo daidai kwanar turaka na jiyo muryarsa yana fassara wa ɗalibai karatu, wallahi na kasa wucewa. Na koma ɗaki na zauna a kan diddige ina jin haushin kaina. Na roƙi a bar ni in tafi gida, Iya ta ce lokacin goyon ciki bai yi ba, mutane za su ce an kore ni. Ana nan, cikin ya kusa kai inda na farko ya tsaya, sai na tsuguna wata asuba na ji barkonon nan ya dawo. Tsoron da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Na samu babanku yana shirin fita kasuwa na gaya masa. Ya ce in ƙara haƙuri, zai sake yi wa yayansa magana.

"Wancan cikin na ce ƙaddara ce, don ban sani ba," na ce masa. "Wannan kuwa na sani, kai ma ka sani. In ya tafi, mu muka kashe shi."

Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki jakarsa ya fita. Babanku mutumin kirki ne, Allah Ya haskaka kabarinsa, amma a gaban mahaifinsa ko sunansa aka tambaye shi sai ya yi tunani. A ranar na san in ban yi da kaina ba, ba mai yi.

Akwai wata al'ada a gidan. Duk ranar Alhamis bayan la'asar, da yake ba karatu, matan unguwa sukan zo da tambayoyinsu na addini, na tsarki da idda da gado da makamantansu. Sai a kafa zana a gefen kurna, Malam yana wancan gefe, mata suna wannan, ba ya ganin kowa. Mai tambaya ba ta faɗin sunanta, kuma ba ta cewa ita ce, sai ta ce wata mata ce take tambaya. Malam bai taɓa neman sanin ko wace ce ba, shi ya sa mata suke sakin jiki su faɗi abin da ba za su iya gaya wa mazajensu ba. Iya tana zama a bakin zanar tana tsara masu magana. Aikinmu ni da Hansai mu share wurin, mu shimfiɗa tabarmi, mu ɓace. Na yi ta juya abin a raina, sai na ga ai Malam bai san muryata ba. Na gaya wa Hansai abin da zan yi. Ta kama hannuna tana roƙona da Allah da Annabi, ta ce za a sake ni. Na ce in an sake ni da ɗana a raye, na yarda.

Alhamis ta zo. Na shimfiɗa tabarmi, maimakon in tafi sai na ja mayafi na zauna a bayan wata tsohuwa. Iya ta hango ni ta yi mini alama da ido in tashi, na yi kamar ban gani ba. Aka yi tambaya biyu ko uku, ban ji ko ɗaya ba. Da aka ɗan yi shiru sai na buɗe baki, muryar ta fito siririya kamar ba tawa ba.

"Allah gafarta Malam, wata mata ce take tambaya. Mutum ya tsaya salla fitsari ya matse shi, har bai san abin da yake karantawa ba. Yaya sallarsa?"

Ya amsa a natse yadda ya saba. Ya ce ba a son haka, kamata ya yi mutum ya je ya kewaya ya sake alwala ya zo wa Ubangijinsa da hankalinsa a jikinsa, in kuwa matsin ya kai ya hana shi cika farillan salla to sai ya sake ta. Na ce matar nan azahar da la'asar da magariba duk haka take yin su, kullum, ya fi shekara. Na ji ya gyara zama. Ya tambaya me ya hana ta kewayawa. Na ce masan gidan ɗaya ne, surukinta kuma yana zaune a bakin hanyar tun safe har dare. Daga nan ban san inda ƙarfin ya fito ba, na zayyana masa komai, daina shan ruwan, da zafin, da zazzaɓin, da yaron da aka binne, da abin da aka ce a asibiti. Na ce yanzu tana da wani cikin, kuma zafin ya dawo. Matan da ke wurin duk sun san ni, ba wadda ta ko motsa. Malam kuwa ransa ya ɓaci, ban taɓa jin muryarsa ta hau haka ba.

"Wannan wane irin gida ne? Shi tsohon ba shi da ido, ko ba shi da tambaya? An ba shi amanar 'yar mutane ya zauna ya tare mata hanya har an rasa rai. Wannan ba kunya ba ce, cuta ce, kuma Allah zai tambaye shi. Ban saba tambaya ba, amma yau ki gaya mini gidan. Ni zan aika a kira shi."

Iya ta miƙo hannu ta damƙe wuyan hannuna, farcenta ya shiga fatata. Na san ina da hanyar fita. Zan iya cewa Allah Ya saka da alheri in tashi, girman kowa ya tsira, gobe kuma in koma zama a kan diddige. Na dubi Iya, idonta ya cika da hawaye tana girgiza mini kai. Na ji tausayinta ƙwarai, amma na faɗa.

"Gidanka ne, Malam. Ni ce matar autanka."

Can sai Malam ya kira Iya, ya tambaye ta a hankali ko gaskiya ne babu hanya ta gidan maƙwabta. Iya ba ta amsa ba. Ya sake tambaya ko yaron da ya yi wa addu'a bara, wanda aka ce masa ɓari ne kawai, shi ne wannan. Nan ma ba ta amsa ba. Sai ya ce da matan su yi haƙuri su tafi, yau an tashi.

Kafin magariba ya sa 'ya'yansa suka kwashe buzunsa da littattafansa suka kai zaure, suka dawo suka tallabe shi suka kai shi. Washegari da sassafe masu haƙa suka shigo, shi ya zaɓi wurin, nesa da rijiya. Ya kuma ce da babanku ya rufe rumfa ya kai ni asibiti a ranar. Aka sake ba ni ƙwayoyin nan, na shanye. Na dawo na ajiye tulu a ƙofar ɗakina, ina sha ina zirga-zirga da buta ta gindin kurna, ba kowa a wurin sai kaji. Hansai ma ta bi sahu, tana sha tana yi mini tsiya wai na mayar da mu raƙuma. Zafin ya tafi, zazzaɓin bai zo ba.

Amma abin bai tafi a banza ba, kuma ba zan ɓoye muku ba. Ko da aka gama sabon masai, Malam bai koma gindin kurna ba. 'Ya'yansa sun roƙe shi, ya ƙi. Zauren nan ga sanyi ga iska ta ƙofa biyu, gwiwoyinsa suka ƙara tsanani, kullum sai an ɗauke shi an kai an dawo da shi. Zaman Alhamis ya mutu, don mata ba sa zama a zaure, kuma an ce ya ce wanda bai san abin da ke faruwa a bayan ɗakinsa ba bai cancanci ya warware wa matan wasu matsala ba. Matan unguwa suka rasa wurin kai tambayarsu, suka ɗora mini, kuma a nan suna da gaskiya. Uwata ta zo ta durƙusa a gaban Iya tana kuka tana ba da haƙuri, ta fita ba ta ko leƙa ɗakina ba. Iya ta daina yi mini magana, in tana son abu sai ta gaya wa Hansai ko da ina tsaye a wurin. Babanku bai sake ni ba, amma ya daɗe yana cin tuwona ba ya ɗaga kai. Na kunyata dattijon da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, a gaban mutanen da suke ganin girmansa, wannan ya dame ni har yau. Da akwai wata ƙofa da na bi ta. Na duba ban gani ba, kuma da za a mayar da ni ranar nan da na sake zama a bayan zanar.

Da lokaci ya yi na tafi goyon ciki, na haifi yayarku a gidanmu, cikakkiya, da kuka kamar za ta tsaga ɗaki. Bayan na yi arba'in aka dawo da ni Madabo. Iya ba ta ce mini sannu ba, amma ta miƙo hannu ta karɓi jaririyar ta nufi zaure da ita, don Malam bai gan ta ba tukuna. Na bi bayanta na durƙusa a jikin ƙofar shigifa inda zan hango su. Ya rame ƙwarai. Yana sanye da farar rigarsa ta Juma'a, a kan buzun da yake salla. Ya karɓe ta ya ɗora a cinya, ya buɗe zanen yana tofa mata addu'a. Yarinyar nan ba ta tashi sakin fitsari ba sai a lokacin. Fitsarin ya jiƙa rigar, ya gangara kan buzun. Iya ta yi salati ta kai hannu za ta fizge ta, sai Malam ya tare hannunta da nasa.

"Bar ta ta gama," ya ce.

Ya riƙe ta a haka har ta gama, yana kallon fuskarta, hawaye yana bin gemunsa. Ni kuma ina bayan ƙofa na toshe bakina da mayafi ina kuka, don kada ya ji muryata karo na biyu.